Fim Ɗin da Aka Kulle Mini

Litinin, 5 ga Satumba, 2016

Wata yarinya ta bugo waya da hantsi, ina tsaka da shan kofi. Ta ce sunanta Itzel Arriaga, a ma'ajiyar tsofaffin fina-finai take aiki. "Da Don Anselmo Quiroz nake magana?" Na ce shi ne, in dai ba talla ba ce. Sai ta ce an gano Shekarar da Rake Ya Ƙone. Gwangwanayen fim ɗin duka, a wani ɗakin ajiya a unguwar Iztapalapa, ƙarƙashin karyayyun kujerun silima.

Na ce mata ta yi ɓatan lamba, na kife wayar. Ban san dalili ba. Ta sake kira tana ba ni haƙuri, ta ɗauka layin ne ya yanke. Na bar ta a haka.

Shekara arba'in. Fim ɗaya tak na kirki da na yi a rayuwata, kan yajin aikin masu yankan rake a jihar Morelos, wanda gwamnati ta ƙwace tun kafin ido ya gan shi. Sauran duk na Baƙar Kunama ne. Baƙar Kunama da Matan Kabari, Baƙar Kunama a Duniyar Wata, Baƙar Kunama da wasu abubuwan da ni ma na manta. Ɗan kokawa mai rufaffiyar fuska yana jibgar dodannin roba. Da su na ciyar da gida, iyakar abin da zan ce a kansu ke nan.

Ya kamata in yi murna. Na zauna ina jiran ta har kofi ya huce.

Talata, 6 ga Satumba

Ofelia ta rufe asibitin haƙoranta da wuri ta zo da tamal mai zafi, wani irin alalen masara. 'Yata ba ta cika kuka ba, yau ta yi. "Baba, da Mama tana raye!" Na ce haka ne, da Amparo tana raye. Ta tsura mini ido ta ce, "Wai lafiya kuwa? Ka yi zugum kamar wanda aka zo wa ta'aziyya." Na ce cikina ne. Na ci tamal biyu don ta ƙyale ni, sai kuma ta ce ai mai ciwon ciki ba ya cin biyu.

Alhamis, 8 ga Satumba

Na je kasuwar Portales wurin Nicanor. Yana nan a rumfarsa yana matse lemo, gwiwoyin nan sun ƙara lalacewa, a kan kujera mai tsawo yake aikin yanzu. Mata suna yi masa tsawa ya yi sauri, ba wadda ta san Baƙar Kunama take yi wa tsawa. Ina za su sani? Ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Sau ɗaya ya taɓa cire abin rufe fuskar nan a gaban kyamara, a fim ɗin Rake, inda ya fito a shugaban masu yaji. Ni na roƙe shi. Ɗan kokawa ya buɗe fuska ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya buɗe ta a banza tunda ba wanda ya gani.

Na zaci zai yi ihu. Ya ci gaba da yanka lemo. Can ya ce, "A ina?"

Na ce Iztapalapa.

"To. Ɗakin ajiyar Don Fulgencio ke nan."

Ya miƙo mini kofi ya ce in sha, tsoho, na rame. Sai da na hau motar gida abin ya faɗo mini. Ni ban ce masa ɗakin wane ne ba. Ni kaina ban sani ba, yarinyar ba ta faɗa ba. Don Fulgencio Arce shi ne mai kamfanin da na yi wa aiki duk tsawon shekarun nan, ya daɗe da mutuwa.

Lahadi, 11 ga Satumba

Ruwa tun safe. Me zai kai fim ɗin da gwamnati ta ƙwace ɗakin ajiyar mai kamfani?

Laraba, 14 ga Satumba

Na je ma'ajiyar. Itzel ƙarama ce, gashinta rabi shuɗi, amma hannunta ya san fim. Ta nuna mini gwangwanayen, sun yi tsatsa, rubutuna yana jikinsu. Na taɓa ɗaya na janye hannu. Nicanor ya yi gaskiya, jikokin Don Fulgencio ne za su sayar da ɗakin, masu kwashe shara suka ci karo da su.

Suna gyara shi. A watan gobe za su yi makon fina-finaina a wata tsohuwar silima a tsakiyar gari: na Kunama guda uku, sannan a rufe da Rake. Na ce a cire na Kunama, ba na son a haɗa abin kirki da shirme. Maestro take ce mini, wato malam. Ta zaro ido. "Maestro, ni fa a kan Matan Kabari na rubuta kundin digirina." Na jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ko dai ta iya zolaya fiye da kowa, ko kuma jami'o'in yanzu sun lalace. Har yanzu ban tantance ba.

Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa, ta ce akwai abu ɗaya. Sun bincika ko'ina, ba su ga alamar an taɓa kai fim ɗin gaban masu tacewa na wancan zamani ba. Na ce, 'yata, mutanen nan ba sa barin alama, ke ba ki san lokacin ba. Ta ce haka ne, Maestro. Da ladabi ta faɗa. Ladabin ne ya dame ni.

Talata, 20 ga Satumba

Na gan shi.

A wani ɗan ɗaki mai kujeru kaɗan, ni da Itzel.

Ya buɗe da gonar rake da asuba. Na tuna yadda muka yi ta sammako muna jiran wannan hasken, ma'aikata suna zagina a ɓoye. Gonar ta fito. Ta tsaya. Ta ci gaba da tsayawa. Na ce a raina yanzu wani zai shigo. Ba wanda ya shigo. Wata akuya ta wuce, na ji daɗin ganinta.

Sannan mutane suka fara magana. Wayyo. Ba mai yankan raken da ya taɓa magana haka tun da aka halicci rake. Kowa in ya buɗe baki sai ka ce jarida yake karantawa. Wata tsohuwa da aka kashe wa ɗa ta tsaya tana bayani kan hannun jari. Ni na rubuta mata wannan? Ni na rubuta. Na tuna ma na yi hawaye lokacin da nake rubutawa.

Nicanor kuwa, Allah sarki. Mutumin da in ya juya kafaɗa kawai yara suke ihu a silima, ga shi an ba shi fuska bai san inda zai ajiye ta ba. Yana ta ɗaga gira kamar mai jin warin wani abu.

Wajen tsakiya na ga haske a cinyar Itzel, waya take dubawa a ƙarƙashin jaka. Na so in ji haushi. Abin da na sani kuma sai ji na yi tana taɓa kafaɗata. "Maestro, an gama." Barci na yi. A fim ɗina. Wanda na shekara arba'in ina mafarkin gani.

Na tambaye ta ko an yanke wani abu. A'a. Ko an canza muryoyin. A'a. Ko majigin yana tafiya a hankali fiye da yadda ya kamata. Ta ce daidai yake tafiya. Ta ce hotunan suna da kyau ƙwarai, musamman hayaƙin raken da ya ƙone. Na san wannan magana. Ita nake gaya wa abokaina in sun yi fim marar daɗi.

To wane fim ne ke kaina duk shekarun nan? Na san shi kashi-kashi. Na sha ba mutane labarinsa har su yi tsit. Ina yake?

Laraba, 21 ga Satumba

Wataƙila idona ne. Wataƙila maganin hawan jinin nan ne yake sa ni barci.

Juma'a, 23 ga Satumba

Ofelia ta kira. "Yaya, Baba? Yaya ka gan shi?" Na ce yana nan yadda na bar shi. Ba ƙarya na yi ba ai. Ta ce ta gayyaci ma'aikatanta duka, da surukarta, da rabin mutanen da take cire wa haƙori. Na ce kada ta wahalar da mutane. Ta ce in bar mata wannan.

Lahadi, 25 ga Satumba

Na koma wurin Nicanor, yau kasuwa ba cika. Na ja kwandon lemo na zauna a kai na ce, "Kai, tsohon banza, ta yaya ka san ɗakin Don Fulgencio ne?"

Ya goge wuƙa, ya sake goge ta. Ya ce, "Ka gan shi?"

Na ce na gani.

"To ai ka sani."

Na ce ban san komai ba, ya yi magana ko in kife masa rumfar nan. Ya yi dariya, wai da wane ƙarfin. Sannan ya faɗa. Ranar da aka gama haɗa fim ɗin ina kwance da zazzaɓin da na kwaso a Morelos, Don Fulgencio ya kira shi suka kalla su biyu. Tsohon ya zuƙe sigarinsa har ƙarshe. Da aka kunna fitila ya ce, "Nicanor, in na saki wannan, za a yi wa Anselmo dariyar da ba zai sake tashi ba, ni kuma har wandona sai na sayar. In na gaya masa gaskiya zai faɗo daga saman bene. Za mu ce gwamnati ce. A ƙasar nan duk abin da ka ɗora wa gwamnati zai zauna."

Na ce, amma ai na je kallon farko a ɗakin haɗawa, na ga guntayensa, suna da kyau.

"Kai ka ga suna da kyau."

Na ce, "Kai kuma ka yarda? Ka buɗe fuskarka a fim ɗin nan!"

"Shi ya sa na yarda, mutumina. Ka ga girar nan tawa kuwa?"

Na so in yi dariya, na so in mare shi. Sai na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba. Amparo fa?

Ya juya yana gyara kofuna. Ya ce matata ta fi mu wayo duka, a mako guda ta gane, ta je ta titsiye Don Fulgencio a ofis. Da ta fito ta ce wa Nicanor, "Ku bar shi da abinsa. Yana tafiya da kai a sama yanzu."

Na taso ban yi sallama ba. Ya ɗaga murya yana cewa ban sha lemona ba.

Litinin, 26 ga Satumba

Amparo. Duk ranar da na zauna a tebur ina ba baƙi labarin yadda aka zalunce ni, tana zuba musu miya tana gyaɗa kai.

Alhamis, 29 ga Satumba

Akwai allon girmamawa a bangon falo, wata ƙungiyar ɗalibai ta ba ni, wai don jarumtaka a gaban danniya. Na sauke shi. Wurin ya bar fari a bango, ya fi allon ɗaukar ido. Na mayar.

Haushin wa zan ji? Don Fulgencio ya yi mini ƙarya, ya kuma ba ni aiki har ya mutu. Nicanor ya yi shiru, shi ne kuma ya ɗauki akwatin gawar Amparo da gwiwoyin nan nasa. Ina ta neman wanda ya cuce ni, duk wanda na kama sai in ga taimakona ya yi. Ko kuwa cuta ce dai? Da an gaya mini, da wataƙila na yi fim na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu. Ko kuma da na faɗo daga benen. Ban sani ba. Ina da shekara talatin da takwas lokacin, ban san wancan mutumin sosai ba.

Na kira Itzel na ce a cire Rake daga makon. Na shirya faɗa. Sai ta ce, "Fim ɗinka ne, Maestro. In ka ce a'a, a'a ne." Wannan ya fi faɗan muni. Na ce zan sake kira.

Da yamma Nicanor ya bugo, shi da ba ya kiran kowa. Ashe Itzel ta gaya masa. Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce shi dai yana so jikokinsa mata su ga fuskarsa lokacin tana fuska. "Mai kyau ne, marar kyau ne, ina ruwansu? Kakansu za su kalla." Na ce ai shi ya ce a ɓoye. Ya ce a lokacin yana da abin da zai rasa.

Asabar, 1 ga Oktoba

Na gaya wa Ofelia komai, a kicin, tana wanke mini kwanonin da na tara. Ta kashe famfo. Sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, daga baya kuma ta koma kukan.

Ta ce, "Baba, ka san yadda gidan nan yake muna yara? Kamar akwai gawa a ɗakin baya da aka hana binnewa. Ba a dariya da ƙarfi in kana tunanin Rake. Kullum kuwa kana tunaninsa."

Na ce ban hana kowa dariya ba.

"Ka hana ni kallon Kunama. Wai zai lalata mini ƙwaƙwalwa."

Wannan gaskiya ne, na hana.

"To kowace Asabar da Mama ta ce za mu gidan Inna Chelo, silima muke zuwa. Duka mun gani. Mama ta haddace Matan Kabari. In sunanka ya fito a farko sai ta zunguri na kusa da ita ta ce, mijina ne."

Ban san wannan matar ba. Shekara nawa muna gado ɗaya. Ni a gabana in an ambaci Kunama sai ta taɓe baki yadda nake taɓewa.

Na ce to yanzu me zan yi. Ta ce, "A nuna shi, Baba. A fito da gawar nan kowa ya gani, a binne, mu huta." Na ce ta gayyaci surukarta fa. Ta ce surukarta ta cancanci abin da ya fi haka.

Na kira Itzel. A nuna shi.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Yau aka nuna Matan Kabari, da la'asar. Na yi niyyar in leƙa in gudu.

Layi har kwanar titi. Yara ne, sa'o'in jikoki, da yawa sun sa fuskar Kunama, baƙa mai jan wutsiya a goshi, a ina suke samunta? Silima ta cika har da na tsaye. Aka zaunar da ni a gaba.

Da jemagen roba na fim ɗin ya fito, wayar da muka rataye shi da ita tana ƙyalli ƙiri-ƙiri, sai ɗakin ya fashe da dariya. Kunnuwana suka yi zafi. Na ce ga shi, an kawo tsoho a yi wasa da shi. Na dafa kujera zan tashi, Ofelia ta riƙe mini hannun riga. Sai kuma na ji suna faɗin maganganun tare da 'yan wasan, kalma-kalma, ɗaki guda, kamar a coci. Wanda ya zo yi maka dariya yana haddace maganarka? Ban gane ba.

Sannan aka zo wurin da Kunama ya fito daga maƙabarta ɗauke da gawar yarinyar da ya kasa ceta. Na manta da wurin nan sam. Fitilunmu sun ƙone ranar, da fitilar motar mai kawo mana abinci muka haska, sau ɗaya muka ɗauka don kowa yana jin yunwa. Yana tahowa a hankali, ba kiɗa, don ba mu da na sawa. Fuska a rufe, amma duk baƙin cikin duniya yana kafaɗunsa. Ɗakin ya yi tsit. Wata yarinya a bayana tana jan hanci.

Ni na yi wannan? Yaushe? Ina can ina tunanin rake.

Da aka kunna fitila Nicanor ya shigo ta ƙofar gefe da sandarsa, ya sa tsohuwar fuskar, tumbi a gaba. Suka miƙe tsaye suna buga ƙafa har ƙura tana zubowa daga rufi. Ya ɗaga sandar. Ya matso kunnena ya ce, "Riƙe ni, tsoho, gwiwar nan za ta ba ni kunya." Na riƙe shi. Ban yafe masa ba tukuna, riƙewa kawai na yi.

Wani direban tasi, mai furfura kamar ni, ya kama hannuna ya ƙi saki. Wai babansa sau ɗaya ya taɓa kai shi wani wuri, kallon Duniyar Wata ya kai shi. Na ce masa watan da kwali muka yi shi. Ya ce ya sani.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Rake.

Rabin ɗaki. Tun ana gonar farko wasu suka fara zamewa, a duƙe, kamar masu fita daga jana'iza. Surukar Ofelia ta yi minshari. Ni ban yi barci ba wannan karon, na kalle shi har ƙarshe, na bi shi da ido kamar yadda ake raka baƙon da ya daɗe. Bai gyaru ba. Amma akwai wani wuri, Nicanor yana zaune a bakin gona yana cin tortiya, gurasar masara, bai san kyamara tana aiki ba. Nan kawai ya manta da girarsa. Ɗan gajeren wuri ne. Ya yi kyau.

Bayan an gama aka hau da ni dandamali. Wani mai sharhin fina-finai, da gyale a wuya duk zafin nan, ya yi dogon bayani cewa jinkirin fim ɗin da gangan ne, wai na tilasta wa mai kallo ya ɗanɗani gajiyar talaka. Wai akuyar ma tana nufin wani abu. Ina sauraro har na fara yarda.

Sai wata ɗaliba ta miƙe. "Maestro, yaya ka ji ranar da gwamnati ta ƙwace maka shi?"

Na ga Ofelia. Na ga Nicanor, yau ba fuskar, jikokinsa biyu a gefensa. Labarin da na saba bayarwa yana kan harshena, a shirye, da inda ake tsayawa a yi ajiyar zuciya. Na ce, "Gwamnati ba ta taɓa ganin fim ɗin nan ba. Mai kamfani ne ya kalla, ya ji tausayinku, ya kulle shi."

Suka kwashe da dariya. Suka tafa. Na ce da gaske nake. Suka ƙara tafawa. Mai gyale yana share hawaye yana cewa, kun ji, kun ji irin barkwancin mutanen da suka sha wuya. Na juya wurin Itzel, ita kaɗai ba ta tafa ba, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

A waje ƙaramar jikar Nicanor ta ce, "Kaka, ashe da kai kyakkyawa ne!" Ya ce, "Da? Ke, zo nan." Ya yi ta washe baki har muka rabu. Mutum ɗaya dai ya sami abin da ya zo nema.

Talata, 11 ga Oktoba

Jarida ta ce na yi wa azzalumai ba'a cikin hikima. Sun sa hotona baki buɗe. Na faɗi ƙarya shekara arba'in ban san ƙarya ba ce, aka yarda. Na faɗi gaskiya sau ɗaya. To.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Na kai wa Amparo furanni a kabarinta. Na shirya maganganu da yawa a mota, wasu masu zafi. Da na isa sai na tsaya kawai. Na tambaye ta wane wuri ta fi so a Matan Kabari. Na share ganyen da suka taru, na dawo.

Laraba, 19 ga Oktoba

Itzel ta aiko mini da na Kunama duka a faifai. Na ce ban nema ba. Na kalli biyu. Don in ga ko sun gyara sautin daidai ne kawai.

Asabar, 22 ga Oktoba

Kasuwa. Na sha lemo, na zauna a kan kwandon. Ba mu yi maganar Don Fulgencio ba, ina jin ba za mu sake yi ba.

Wajen azahar rana ta ratso ta wani ramin kwano a rufin kasuwar, ta sauka daidai kan hannun Nicanor da wuƙar da tulin lemon, sauran rumfar duk duhu. Na daɗe ina kallo. Ashe na haɗa yatsuna ina leƙawa ta tsakiya, ban sani ba sai da ya ce, "Sauke hannun nan, tsoho, na san wannan hannun."

Na ce ba komai. Tunani kawai nake, a ce wani tsohon ɗan kokawa yana sayar da lemo, ba wanda ya san shi, sai yaran kasuwa suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai wata tsohuwar rijiya a ƙarƙashin rumfar masu kifi.

"Me ke cikin rijiyar?"

Na ce ban sani ba tukuna.

"Ba na iya tsalle fa. Ko durƙuso ba na iyawa."

Na ce wa ya ce zai yi tsalle, zama zai yi, kafaɗun kawai nake so. Ya ce a sa mai naman can ya zama mugun, dama ya tsane shi. Wata mata ta yi mana tsawa wai tun ɗazu take tsaye.

Ba fim ba ne. Shekarata saba'in da takwas, hawan jini, ga wahalar hawa bene. Na dai kira Itzel da na dawo, don in yi mata godiyar faifan, sai magana ta kawo magana na tambaya ko abokanta masu kyamara suna da abin yi ranar Lahadi. Ta yi wani ihu har na janye wayar daga kunne. Na ce kada ta gaya wa kowa, haske kawai za mu duba.

Dodon rijiyar, ina ganin kada a nuna shi sam. Ruwan kawai, yana motsi.